Helbenda, ƙatuwar salamandar ƙoramun Amurka

Helbenda wata dabbar ruwa ce dake rayuwa a ƙoramu masu sanyi da gudu a gabashin Amurka, tun daga kudancin jihar New York har arewacin Jojiya da Alabama, sai kuma wasu can a Missouri da Arkansas. Masana kimiyya suna ce mata Cryptobranchus alleganiensis. In ka ganta za ka rantse ƙadangare ne ya faɗa ruwa ya kumbura, amma ita dangin kwaɗo ce. Duk Arewacin Amurka babu salamandar da ta kai ta girma, babba takan kai santimita 60, wasu har 70 da ɗoriya, nauyi kuma kilo 2 ko sama da haka. 'Yar uwarta ta ƙasar Sin dai ta fi ta nesa ba kusa ba, waccan har mita 1.8 take kaiwa.

Kanta a baje yake, idanu 'yan mitsi-mitsi, jiki duk yauƙi, gefen cikinta kuma fata ce ta tattare daga hannu har ƙafa. Wannan tattararriyar fatar ita ce rayuwarta, da ita take zuƙar iskar oksijin daga ruwa, huhu kam tana da shi amma ba ta cika aiki da shi ba. Shi ya sa ruwa in ya ɗumama ko ya daina gudu to ta shiga uku. Da rana tana maƙale ƙarƙashin faffaɗan dutse, sai dare ta fito farautar wani irin jatan lande na rafi, shi ne yawancin abincinta.

Ganinta a daji ba ƙaramin aiki ba ne. Masu bincike sai sun sa tabarau na ninkaya da bututun numfashi su kwanta rub-da-ciki a ruwan sanyi suna leƙa ƙarƙashin duwatsu da tocila, da can ɗaga duwatsun ake yi da sanda amma an gane hakan rushe mata gida yake, yanzu sau da yawa ruwan kawai ake ɗiba a kai ɗakin gwaji a duba ko akwai burbushin ƙwayoyin halittarta a ciki. Masu kamun kifi ma kan ci karo da ita a ƙugiya, kuma da yawa sun kashe ta don wai tana da dafi, alhali cizonta ba dafi ko kaɗan. Muninta ne kawai ya ja mata.

Wajen haihuwa namiji ne ke wahala. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba zai gyara rami ƙarƙashin dutse, mace ta zuba ƙwai ɗaruruwa ta yi gaba abinta, shi ya zauna yana gadi yana kaɗa ruwa a kansu har su ƙyanƙyashe.

To matsalar ita ce laka. Da an sare itatuwan bakin rafi don noma, hanya ko haƙar ma'adinai, ruwan sama sai ya kwaso ƙasa ya cike ramukan da 'ya'yan ke ɓuya a tsakanin tsakuwa. Ga dam, ga gurɓataccen ruwa, ga cutar fangas ta chytrid, ga kuma 'yan yawon buɗe ido masu jera duwatsun rafi don ɗaukar hoto. Abun da ya fi ruɗar mutane shi ne helbenda tana shekara 25 zuwa 30, saboda haka za a yi ta ganin tsofaffi a rafi a ɗauka lafiya lau, alhali an yi shekaru ba a samu ƙanana sun tashi ba. Binciken jami'ar Virginia Tech da ya fito 2023 ya nuna a wuraren da aka sare daji mazan suna cinye ƙwan da suke gadi kakaf.

A 2011 gwamnatin Amurka ta sa nau'in Ozark, wato helbendar tsaunukan Ozark na Missouri da Arkansas, cikin jerin dabbobin dake dab da ƙarewa, a shekarar ne kuma gidan namun dajin St. Louis ya fara samun haihuwarsu a tsare, ana kuma renon ƙanana ana sakinsu a kogunan Missouri. Pennsylvania ta maida ita alamar jiha a ɓangaren dabbobi dangin kwaɗo a 2019, a Disamba 2024 kuma hukumar kifi da namun daji ta ƙasar ta kawo shawarar a sa nau'in gabas ma a jerin. A wasu ƙoramu yanzu akwatunan siminti ake binne musu a ƙasan ruwa don mazan su samu ramin gadin ƙwai.