Waiwaye: Kujerar Fafaroma da Matsayin Mata a Ɗarikar Katolika

A ranar 8 ga Mayu, 2025, kadina (manyan malaman coci masu zaɓen Fafaroma) 133 suka zaɓi Robert Prevost, ɗan Amurka, ya zama Fafaroma Leo na 14, kuma babu mace ko ɗaya a ɗakin zaɓen. Wannan ya sake tayar da tambayar da ake ji a bakin mabiya daga Gusau har Zuru: shin wane ne ya cancanci wannan kujera, kuma me ya hana mata?

A ƙa'ida, duk namiji ɗan Katolika da aka yi wa baftisma ana iya zaɓensa, ko da ba kadina ba ne, sai dai rabon da a ɗauko wani daga wajen kadina tun 1378, lokacin Urban na 6. Fafaroma Nikolas na 2 ne ya danƙa zaɓen a hannun kadina a 1059, aka ƙara sharaɗin kashi biyu bisa uku na ƙuri'u a 1179, sannan a 1970 Bulus na 6 ya cire waɗanda suka cika shekara 80 daga masu jefa ƙuri'a. Wannan doka ce ta sa daga Nijeriya Kadina Peter Okpaleke kaɗai ya shiga zaɓen 2025, Kadina Arinze da Kadina Onaiyekan kuwa shekaru sun hana su.

Inda gizo ke saƙar shi ne Fafaroma bishop ɗin birnin Roma ne, ba a zama bishop sai an zama firist, kuma doka ta 1024 ta dokokin coci ta ce namiji mai baftisma ne kaɗai ake keɓewa ga aikin firist. Hujjar da aka dogara da ita ita ce Yesu ya zaɓi manzanni goma sha biyu duka maza. A 1994 Yohanna Bulus na 2 ya bayyana cewa coci ba ta da ikon naɗa mata firistoci, kuma magadansa ba su sauya wannan matsayi ba.

Duk da haka, tarihin cocin cike yake da mata masu faɗa a ji. Waliyyiya Katarina ta Siyena ta matsa wa Fafaroma Giregori na 11 lamba har ya koma Roma daga Faransa a 1377, kuma sunanta ne sistocin Dominikan na Gusau suke ɗauke da shi. Fafaroma Faransis ne ya raba tsakanin mulki da keɓewa ga aikin firist a aikace: a 2022 ya ba wa duk mai baftisma damar shugabantar ma'aikatun fadar Batikan, a 2023 mata suka jefa ƙuri'a a taron majalisar bishop-bishop karon farko, a Janairun 2025 kuma Sista Simona Brambilla ta zama mace ta farko da ta shugabanci ɗaya daga cikin ma'aikatun.

A ganina, abin da ya fi shafarmu a nan shi ne wannan dama da aka riga aka buɗe. Duk wanda ya ga 'yan Zumuntar Mata ranar Lahadi cikin anko, suna buga tulu da kacau-kacau, sannan su ne masu tara gudummawar jinya da ziyarar gidan makoki, ya san da wa cocin take tsaye, musamman a ƙauyukan da matsalar 'yan bindiga ta sa firist ba ya samun zuwa a kai a kai. Babu dokar da ta hana a ɗora irin waɗannan mata kan kwamitocin kuɗi da na makarantu. Batun naɗa mata dikinoni (muƙamin da ke ƙasa da na firist) kuwa, Faransis ya kafa masa kwamiti a 2016 da wani a 2020, kuma taron majalisar bishop-bishop na Oktoban 2024 ya bar shi a buɗe domin ƙarin nazari.