Ninkin ɗalibai: lissafin da ake yi wa makarantun kuɗi a ƙwallon Amurka

Duk ƙarshen shekara, da an kammala gasar makarantun sakandare a jihohin Amurka, sai tsohuwar rigima ta farfaɗo. Iyaye da kociyoyin makarantun gwamnati su ƙirga kofuna, su tarar kaso mai tsoka ya tafi makarantun kuɗi, alhali makarantun kuɗin ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. A cikin wannan cacar baki ne ake yawan jin kalmar "multiplier", wato ninkin ɗalibai. Dabara ce da hukumomin wasannin makarantu na wasu jihohi suka ɓullo da ita don rage wa makarantun kuɗi kaifi.

Wasan da ake magana a kai ba tamaula ba ne irin tamu. Ƙwallon Amurka ne, mai kama da zari-ruga, inda mutum 11 ke fuskantar 11 sanye da hular kwano da matashin kafaɗa, ana ture-ture da kayar da juna don a kai ƙwallo gidan abokan hamayya. Wasa ne mai cin jiki, kuma mai cin mutane, domin masu kai hari daban, masu tsaron gida daban, ga kuma raunin da ba a rasawa. Saboda haka makarantar da ke da samari dubu tana da fifiko a fili kan mai samari ɗari biyu. Wannan ya sa yawancin jihohi suke raba makarantunsu rukuni-rukuni gwargwadon yawan ɗalibai. A jihar Ilinoi rukuni takwas ne, daga 1A na ƙananan makarantu har 8A na manya, kowanne da kofinsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Makarantar gwamnati a Amurka tana da iyaka a taswira. Yaron da gidansu ke cikin layin nan shi ne nata, wanda ke waje na wata ne. Kocinta da abin da unguwa ta haifa yake aiki. Bana unguwa ta ba shi ƙarti, baɗi ta ba shi sirara, haka zai haƙura. Makarantar kuɗi ba ta da wannan shinge. A Ilinoi doka ta ba ta damar ɗaukar ɗan wasa daga ko'ina cikin tazarar mil 30, kusan kilomita 48, kuma a yankin Shikago wannan da'ira ta haɗiye miliyoyin mutane. Ɗaya yana su a kududdufi, ɗaya a kogi, sannan a ce tunda girman komarsu ɗaya ne sai su yi gasa.

Ninkin ɗalibai ƙoƙari ne na gyara wannan da alƙalami. A 2005 hukumar wasannin makarantun Ilinoi ta yanke cewa duk makarantar da ba ta da iyaka, za a ninka yawan ɗalibanta da 1.65 kafin a sa ta a rukuni. Mai ɗalibai 600 sai a lissafa ta kamar mai 990, ta haura sama ta je ta kara da manya. Idan kuma makarantar maza ce zalla, kamar Mount Carmel ta Shikago wadda ta ɗauki kofin jiha fiye da sau goma, ana fara ruɓanya adadin gida biyu, tunda babu 'yan mata a lissafin. Jihohin Alabama da Mizuri sun yi amfani da 1.35. Ma'anar kalmar ke nan a taƙaice: ɗalibi ɗaya na makarantar kuɗi ana auna shi da nauyin da ya fi na ɗalibi ɗaya na makarantar gwamnati.

Ni dai ina ganin lissafin ya gano ciwon amma ya shafa maganin a gefe. Ƙarfin makarantar kuɗi ba daga yawan kawuna yake ba. Daga zaɓi yake. Makarantun kuɗi da yawa ƙanana ne, na coci ko na wata al'umma, waɗanda da kyar suke haɗa yara talatin a fili, ba su taɓa jin ƙamshin kofi ba. Ninki ya ɗauki irin waɗannan ya jefa su gaban manyan makarantu suna shan kashi, yara 'yan shekara 15 suna karo da waɗanda suka fi su girma nesa ba kusa ba. Su kuwa gwanayen da aka yi dokar dominsu, ko a jikinsu, don a rukunin sama ma sukan ci. Ilinoi da kanta ta lura da haka, daga baya ta buɗe ƙofar ɗage ninkin ga makarantun da ba su yi wani abin a zo a gani ba a gasa.

Wanda ke son ya fahimci yadda makarantar kuɗi ke mamaye gasa, ya dubi De La Salle da ke garin Concord a arewacin Kalifoniya. Makarantar Katolika ce ta maza zalla. Daga 1992 zuwa 2004 ta ci wasa 151 a jere, babu faɗuwa, babu canjaras. Kafin nan bajintar da ake ji da ita a ƙasar wasa 72 ce, ta wata makaranta a garin Hudson na jihar Michigan. Wato yara sun shiga makarantar, sun yi shekara huɗu, sun fita, wasu sun biyo bayansu sun fita, wasu ma haka, babu wanda ya san ɗacin rashin nasara.

Mai horar da su, Bob Ladouceur, ya karɓi ƙungiyar a 1979 yana matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma malamin darasin addini ne a makarantar. Kafin zuwansa ƙungiyar ba ta taɓa gama kakar da cinta ya fi faɗuwarta yawa ba, alhali a lokacin ma makarantar kuɗi ce marar iyaka. Wannan kaɗai ya isa ya nuna rashin shinge ba shi ne duka labarin ba. Ya yi kaka 34 a kan kujerar, ya sauka bayan kakar 2012 da nasara 399, faɗuwa 25, canjaras 3. Mataimakinsa Terry Eidson ya daɗe tare da shi. Salon harinsu ma bai cika sauyawa ba: tsohuwar dabara ce ta gudu da ƙwallo inda mai raba ƙwallon yake karanta motsin ɗan baya guda, cikin ƙiftawar ido ya yanke ko ya miƙa, ko ya riƙe, ko ya wurga gefe. Kowa ya san abin da za su yi. Hana su ne ya gagara, domin yaro tun yana aji na farko yake maimaita taku ɗaya har ya zama masa jiki, kuma masu ture na gaba, ko da ba su kai abokan hamayya nauyi ba, sukan riga su tashi.

Akwai wata al'ada tasu da ta fi burge ni. Daren Alhamis, jajibirin wasa, 'yan wasan sukan taru a gidan ɗayansu su ci abinci. Kowane yaro yana da ɗan kati da ya rubuta alƙawarin abin da zai cim ma a makon, a atisaye da ɗaga ƙarfe da kuma cikin wasa. Ba koci yake ba wa katin ba, abokin wasansa yake miƙa wa, shi kuma a zama na gaba ya miƙe a gaban kowa ya faɗi ko an cika alƙawari ko ba a cika ba. Yaro ɗan shekara 16 zai iya kauce wa idon malami, amma kunyar tsaransa ba ta kauce masa. Babu wani ninki da zai iya auna wannan.

A watan Oktoban 2001 aka gwada su da Long Beach Poly, makarantar gwamnati ce mai ɗimbin ɗalibai da ƙarti, kuma a lokacin ƙungiyoyin biyu ne ake ɗauka na ɗaya da na biyu a ƙasar baki ɗaya. De La Salle ta ci 29 da 15, Maurice Drew, wanda daga baya ya yi suna a gasar ƙwararru ta NFL, shi ya kai ƙwallo gida har sau huɗu.

Amma kada a ɗauka tarbiyya ce kawai. Sunan Drew ɗin nan shi ne ɗaya ɓangaren maganar. Da zarar makaranta ta yi suna, ba sai ta fita nema ba, iyaye ne ke kawo mata. A Amurka ƙwallon sakandare ƙofa ce ta samun gurbin karatun jami'a kyauta, kuma kuɗin jami'a a can ba wasa ba ne. Uban da ya ga ɗansa yana da gudu da ƙira, zai tambayi inda masu farautar 'yan wasa na jami'o'i ke zuwa kallo, ya kai shi can ko da tafiyar awa guda ce kullum. Idan kuɗin makarantar ya fi ƙarfinsa, akwai tallafin da ake ba marasa hali. Nasara ta jawo haziƙai, haziƙai su kawo nasara, tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni su gina ɗakin motsa jiki da fili mai kyau, a ƙara yawan masu horarwa. Makarantar gwamnati da ke maƙwabtaka kuwa asara biyu take yi, domin yaron da ya tafi ya ƙara wa wancan ƙarfi, daga cikin nata aka zare shi.

A kudancin Kalifoniya abin ya kai maƙura. Daga 2016 zuwa 2024, duk shekarar da aka buga gasar babban rukunin yankin, tsakanin makarantun Katolika biyu kofin yake yawo, Mater Dei ta Santa Ana da St. John Bosco ta Bellflower. Mater Dei kaɗai ta yaye mutum uku da suka ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i: John Huarte, Matt Leinart da Bryce Young. Shi Young ɗin daga wata makarantar ya sauya sheƙa zuwa can. A Filorida kuma akwai IMG Academy ta Bradenton, wadda ta samo asali daga makarantar koyon tanis, ta fara ƙwallon Amurka a 2013, tana kwasar yara daga jihohi daban-daban zuwa makarantar kwana. Ita ba ta ma shiga neman kofin jiha.

Zawarcin ɗan wasa haramun ne a dokokin makarantun sakandare, kuma kan wannan an je har Kotun Ƙolin Amurka sau biyu. A 1997 kocin Brentwood Academy ta jihar Tenesi, Carlton Flatt, ya aika wa wasu yara da ba su gama ƙaramar sakandare ba wasiƙar gayyata zuwa atisayen bazara. Yaran sun riga sun amince za su shiga makarantar, duk da haka hukumar jihar ta ce zawarci ne, ta ci makarantar tara, ta dakatar da ita daga wasannin neman kofi. Makarantar ta kai ƙara tana cewa an tauye mata 'yancin magana. A 2001 kotu ta ce hukumar tana aiki ne a matsayin hannun gwamnati, don haka ana iya ƙalubalantar ta da tsarin mulki. A 2007 kuma ta ce dokar hana zawarcin tana nan daram, domin makarantar da kanta ta zaɓi shiga hukumar, kuma yaro ƙarami ba zai iya jure matsin babban koci ba. Hukuncin ya yi daidai a ganina, sai dai wasiƙa kawai yake iya kamawa. Maganar da uba ya yi wa uba a gefen fili, ko kocin ƙungiyar unguwa da ya raɗa wa yaro inda ya kamata ya nufa, ba ta barin sawu.

Shi ya sa wasu jihohin suka bi wasu hanyoyin. Teksas kusan raba gari ta yi: makarantun gwamnati da hukumarsu, yawancin na kuɗi da tasu. Tenesi ta ware wa wasu makarantun kuɗi rukuni na daban a 1997. Wannan yana kashe rigimar, amma yana hana yaran gari ɗaya haɗuwa a fili, kuma ba ya ba makarantar gwamnati damar nuna cewa za ta iya. Indiyana ta ce a daina duba wane ne kai, a dubi abin da ka yi: ana ba da maki kan nisan da ƙungiya ta kai a gasa cikin shekara biyu, wadda makinta ya kai ƙa'ida a ɗaga ta rukunin gaba, ta kuɗi ce ko ta gwamnati. Aibinsa shi ne sau da yawa gwanayen da suka tara makin sun gama sun tafi, ƙannensu ne ke biyan bashin. Ohayo, daga 2017, ta shiga cikin jerin sunayen 'yan wasan kansu, tana tambayar daga ina kowane yaro ya fito, sannan ta ƙara wa makarantar nauyi gwargwadon yawan waɗanda suka zo daga wajen yankinta. Wannan ne na fi gamsuwa da shi, domin ya tafi kai tsaye ga tushen matsalar, kuma bai ƙyale makarantun gwamnati masu karɓar yara daga ko'ina ba.

Su ma ɗin suna buƙatar sa ido. Wadda ta kawo ƙarshen jerin nasarorin De La Salle a watan Satumban 2004, da ci 39 da 20 a birnin Seattle, makarantar gwamnati ce, Bellevue ta jihar Washington, daga gari mai arziki. A 2016 bincike ya same ta da karya dokokin gasa, ciki har da batun adireshin 'yan wasa da rawar da ƙungiyar masu tallafa mata da kuɗi ta taka, aka hukunta ta. A arewacin Kalifoniya kuwa, tun faɗuwar da De La Salle ta yi a hannun makarantar garin Pittsburg a 1991, babu ƙungiyar yankin da ta sake doke ta sai a 2021, kuma wadda ta yi hakan, St. Francis ta Mountain View, ita ma makarantar kuɗi ce ta Katolika.