Haɗa zane-zane da fasahar zamani a ajin ƙaramar sakandare

Haɗa zane-zane da fasahar zamani salon koyarwa ne da ake ba ɗalibai aiki guda wanda ba zai kammalu ba sai an sa idon mai zane da sanin na'ura tare. Ana yin sa a matakin da ke tsakanin firamare da babbar sakandare, wato ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Zane-zane a nan ya ƙunshi zanen hannu, fenti, ɗinki, sassaƙa, kiɗa da shirya fim. Fasahar zamani kuwa ta ƙunshi kwamfuta da rubuta mata umarni, kayan lantarki, kyamara, da injin da ke buga abu mai jiki, wato 3D printer. A Hausa ma kalma ɗaya ce ta rungumi ɓangarorin biyu, domin ana kiran gwanin zane mai fasaha, ana kuma cewa kimiyya da fasaha. Jadawalin makaranta ne ya raba su gida biyu.

Asali

Tunanin ya girmi kwamfutar aji. Makarantar Bauhaus, wadda Walter Gropius ya kafa a garin Weimar na Jamus a 1919, ta sa masu zane da masu ƙira a ɗakin aiki ɗaya, kuma a 1923 ta ɗauki haɗewar zane da fasahar inji a matsayin manufarta. Sai dai manya ta koyar. Wanda ya kai abin ga yara shi ne Seymour Papert, wanda tare da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiri harshen kwamfuta mai suna Logo a Amurka a 1967. Ra'ayin Papert shi ne yaro ya fi fahimtar abu in yana gina wani abin da zai iya nuna wa mutane.

Daga baya aka sami laƙabin STEM, harufan farko na kalmomin Ingilishi na kimiyya, fasaha, injiniyanci da lissafi, wanda ya bazu a Amurka a farkon shekarun 2000. Masu ganin an bar zane a baya suka cusa harafin A na kalmar zane a Ingilishi, ya zama STEAM. Georgette Yakman ta tsara wannan salo wajen 2006, kwalejin zane ta Rhode Island ta yi ta yayata shi a zamanin shugabancin John Maeda daga 2008 zuwa 2013, sannan Koriya ta Kudu ta shigar da shi manufar iliminta a 2011.

Yadda ake yi a aji

Aikin da ya fi sauƙin farawa shi ne katin takarda mai haske. Ɗaliba za ta zana, a ce, gari da daddare, ta huda inda taga take. A bayan takardar sai ta liƙa layi biyu na tef ɗin tagulla, ta sa ƙaramin ƙwan fitila na LED a tsakaninsu, ta naɗe kusurwar takardar a kan batir mai kamar kwabo mai ƙarfin volt 3. In ta matse kusurwar, taga ta haska. Sau da yawa ba ta haskawa a karon farko, kuma a nan darasin yake. Ƙwan yana da ƙafa biyu, doguwar ce ke zuwa ɓangaren ƙari na batir. In an juya su, ba haske. In tef ya yage a lanƙwasa, hanyar wuta ta katse. In layukan biyu sun taɓa juna, wuta ta sami gajeriyar hanya ta bar ƙwan, batir ya ƙare a banza. Akwai kuma wani abin da ke ɗaure wa yara kai: a jera jan ƙwai da shuɗi a kan batir ɗaya, sai ja ya kama, shuɗi ya dushe ko ya ƙi kamawa gaba ɗaya, saboda ja yana buƙatar kusan volt 2 ne, shuɗi kuwa kusan 3. Ɗalibar da ta dage sai wata ya fito shuɗi a zanenta, dole ta gano dalili. Zanen ne ya ja ta zuwa kimiyyar.

Na biyu shi ne zane da umarni. A Logo akwai wani kunkuru a fuskar kwamfuta da ke jan layi duk inda ya bi. A ce masa ya yi gaba taku 100, ya juya dama digiri 90, ya maimaita sau 4, sai ga murabba'i. A mai da juyin digiri 144, maimaici 5, sai tauraro ya fito. Yaro mai son siffa mai gefe shida yakan yi ta gwaji har ya lura cewa digiri 360 ake rabawa da yawan gefuna. Manhajar Scratch, wadda ƙungiyar Mitchel Resnick a jami'ar MIT ta fitar a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, ta gaji wannan dabara, sai dai maimakon rubutu, tubalan umarni masu launi ake jonawa. A nan ne kuma ɗalibi ke cin karo da bambancin launin haske da na fenti: a fuskar kwamfuta ja da kore rawaya suke bayarwa, a kwanon fenti kuwa wani ruwan ƙasa mai duhu.

Akwai fim ɗin hoto bi hoto, inda ake ƙera mutum-mutumi da laka ko takarda, a motsa shi kaɗan, a ɗauki hoto, a sake motsawa. A kan hoto 12 a daƙiƙa, fim na daƙiƙa 10 hoto 120 yake ci. Wannan lissafi kaɗai yakan sa rukunin da ya zo da labari mai tsawo ya koma ya taƙaita shi.

Sauran kayan aiki sun haɗa da micro:bit, ƙaramin allon lantarki mai fitilu 25 da BBC ta raba wa ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 12 a Birtaniya a 2016. Da Makey Makey na 2012, wanda ke mai da zanen fensir mai kauri ya zama maɓallin kiɗa tunda bakin fensir yana ɗaukar lantarki. Da LilyPad na Leah Buechley, wanda ake ɗinka shi a tufafi da zare mai ɗaukar lantarki.

Dalilin zaɓar waɗannan shekaru

Masanin koyar da zane Viktor Lowenfeld ya bayyana tun 1947 cewa a wannan tsaiko yaro yakan fara duban zanensa da idon suka, yana auna shi da kamannin abu na zahiri. Da yawa daga nan suke ajiye fensir, su ce ba su iya ba. Kyamara ko umarnin kwamfuta suna buɗe wa irin wannan yaro wata ƙofa da ba ta dogara da iya kwaikwayon kamanni ba. Haka ma wanda ya yanke wa kansa hukuncin cewa lissafi ba nasa ba ne.

Suka da matsaloli

Babban ƙorafin malaman zane shi ne a mai da fanninsu ado. A gama gwajin kimiyya, sannan a ce yara su yi wa kwalin fenti, a kira shi haɗaka. Wannan kwalliya ce kawai. Ana gane aikin gaske ne in cire ɓangare ɗaya zai rusa ɗayan, kuma in ana ba tsarin launi da siffa maki kamar yadda ake ba haɗin waya.

Akwai kuma zuzuta amfanin abin fiye da kima. Bitar da Ellen Winner da Lois Hetland na jami'ar Harvard suka jagoranta a 2000 ta sami hujja a 'yan fagage, kamar tasirin wasan kwaikwayo a aji ga ƙwarewar harshe, amma yawancin iƙirarin cewa darussan zane suna ɗaga makin sauran darussa bai tabbata ba.

Sauran matsalolin na yau da kullum ne. Malamai biyu suna buƙatar lokacin shiri tare, jadawali kuwa ba kasafai yake bayarwa ba. Injin buga abu mai jiki yakan shafe awanni a kan abu ɗaya, ga aji cike da masu jira. A aikin rukuni, yaro ɗaya yakan kankane kwamfuta ya bar wa sauran almakashi, shi ya sa malamai ke juya ayyukan tsakaninsu. Batir mai kamar kwabo kuma yana da haɗari ƙwarai in ƙaramin yaro ya haɗiye shi, don haka ake ƙirga su bayan darasi, a kuma rufe su da tef kafin kati ya bar aji.