Tushen Yoga a Addinin Hindu

Yoga tsohuwar hanya ce ta horar da zuciya da jiki wadda ta samo asali a Indiya. Yau idan aka ambace ta, abin da ke faɗo wa yawancin mutane a rai shi ne motsa jiki a kan shimfiɗar roba. Waɗanda suka assasa ta kuwa tsira suke nema daga samsara, wato zagayen da, a aƙidarsu, mai rai ke mutuwa ana sake haihuwarsa gwargwadon aikin da ya aikata. Kuɓuta daga wannan zagaye ita suke kira moksha.

Kalmar ta fito ne daga harshen Sanskirit, daga tushen yuj, wato ɗaura karkiya. A cikin Rigveda, mafi tsufan littattafan Hindu, da ita ake nufin ɗaura dawakai a keken yaƙi. Wannan hoto na doki da linzami bai taɓa rabuwa da yoga ba.

Alamun farko

A kangon birnin Mohenjo-daro, a Pakistan ta yau, an tono wani ɗan hatimin dutse mai shekara wajen 4,000, ɗauke da hoton wani mai ƙaho a zaune, ya haɗa diddige, dabbobi sun kewaye shi. John Marshall, Bature masanin kayan tarihi, ya ce siffar farko ce ta Shiva, ɗaya daga cikin manyan ababen bautar Hindu. Masana da dama ba su yarda ba, kuma suna da gaskiyarsu: tunda har yau ba a iya karanta rubutun mutanen kwarin Indus, inda birnin yake, ba, hatimin bai kai hujja ba.

Inda magana ta fito fili shi ne Upanishad, tsoffin littattafan falsafar Hindu. A cikin Katha Upanishad akwai labarin yaro Naciketa, wanda ya kwana uku a gidan Yama, abin bautarsu mai kula da mutuwa, yana jiransa, sannan ya nace sai an gaya masa makomar mutum bayan rasuwa. Yama ya buga masa misali: jiki shi ne keken, rai shi ne mai keken, hankali ne matuƙi, zuciya ce linzami, gaɓoɓin ji da gani su ne dawakai. Matuƙin da ya yi sakaci, dawakan za su ja shi inda suka ga dama. Riƙe su kam shi littafin ya kira yoga. Mabiya Budda da mabiya addinin Jain ma sun yi tarayya a wannan horo tun a zamanin da.

Bhagavad Gita, waƙar addinin Hindu mai baiti 700 cikin babi 18, ta fito da yoga daga daji ta kawo ta tsakiyar rayuwa. Jarumi Arjuna ya tsaya a filin daga na Kurukshetra, gwiwarsa ta yi sanyi don 'yan uwansa ne a gabansa, sai Krishna, abin bautarsu da ke tuƙa masa keken yaƙi, ya koya masa hanyar aiki ba tare da kwaɗayin sakamako ba, da hanyar sani, da hanyar ƙauna ga abin bauta. Babi na 6 har shimfiɗar da mai yoga zai zauna a kai ya siffanta: ciyawar kusha a ƙasa, fatar barewa, sai mayafi, a wuri mai tsabta, ba tudu sosai ba, ba kwari ba. Zuciyar da ta natsu, in ji shi, kamar fitila ce a inda iska ba ta kaɗawa. Arjuna ya ce kama zuciya wuya gare shi kamar kama iska. Krishna bai musa ba, ya ce ana shawo kanta da naci da sakin kwaɗayi.

Tsarin Patanjali

Wanda ya tattara koyarwar ya tsara ta shi ne Patanjali, a wajajen shekara ta 400 miladiyya, cikin gajerun jimloli 195 ko 196 da ake kira Yoga Sutra, a babi 4. Jimla ta biyu ta taƙaice komai: yoga ita ce tsayar da kai-komon zuciya. Ya gina wannan a kan falsafar Samkhya, wadda ta raba samuwa biyu: purusha, rai mai kallo wanda ba ya sauyawa, da prakriti, duk abin da ke sauyawa, har da tunani kansa. Wahala a wurinsu tana zuwa ne idan rai ya ɗauka shi ne tunanin da ke gilmawa a gabansa.

Matakansa takwas ne, kuma abin lura shi ne inda suka fara: kame kai daga cutar da mai rai, ƙarya, sata, sha'awa da tara abin duniya. Sai tsabta, wadatar zuci, juriya, karatu da miƙa wuya ga Ishwara, wato ubangiji a wurinsu. Bayan nan ne zama ya zo, sai sarrafa numfashi, janye gaɓoɓi daga abin da ke jansu, tattara hankali wuri guda, zurfafa tunani, har samadhi, inda mai tunani ke nutsewa cikin abin da yake tunani. Zaman da duniya ta ɗauka shi ne yoga, jimla uku kacal Patanjali ya ba shi, sharaɗinsa kuma ya zama tabbatacce mai daɗi.

A farkon ƙarni na 11 malamin nan Musulmi, al-Biruni, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci. Salon jiki iri-iri ya bunƙasa ne daga baya a reshen yoga da ake kira hatha, mai ba horar da jiki muhimmanci. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya bayyana salo 15, kuma baitinsa na farko ya kira hatha tsani na hawa zuwa raja yoga, wato yogar zuciya. Da wannan suna, Raja Yoga, malamin Hindu Swami Vivekananda ya buga sharhinsa a kan Patanjali a 1896, shekara uku bayan jawabinsa a taron addinai na Chicago a Amurka.