Me Ya Sa Wasu Iyaye Ke Biyan Kuɗin Riga-kafin Da Gwamnati Ke Yi Kyauta?

Allurar asibitin kuɗi ta fi ta gwamnati inganci ne?

Galibi magani ɗaya ne. A Najeriya, asibitocin kuɗi da yawa daga ma'ajiyar sanyi ta ƙaramar hukuma suke karɓo alluran, waɗanda hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa (NPHCDA) ke rarrabawa. Abin da iyaye ke biya ladan aiki ne. Ta tarin fuka da ake yi wa jariri da zarar an haife shi, da Penta mai kare yaro daga cututtuka biyar ta sati 6 da 10 da 14, da ta ƙyanda da shawara a wata 9, duk kyauta ne a asibitin gwamnati.

To me ke kai mutane asibitin kuɗi?

Lokaci da mutunci. Uwa ta yi sammako da goyo zuwa asibitin gwamnati, ta zauna a benci har azahar, yaro na ta tsala kuka, sannan a ce mata yau ba ranar ƙyanda ba ce, ta dawo wani satin. Ba mugunta ce ta sa ba: kwalbar maganin ƙyanda ta yara da dama ce, idan aka haɗa ta kuma sai a zubar da ragowar bayan awa 6, shi ya sa ake ware mata rana. Amma matar da ta rufe sana'arta ta biya kuɗin adaidaita ba za ta ga haka ba, balle a haɗa mata da tsawa don ta manta kati. A ganina tsawar nan ta fi dogon layi korar iyaye, kuma gyaranta ba ya cin ko kwabo.

Akwai abin da asibitin kuɗi kaɗai ke da shi?

Akwai, kamar allurar ƙarambau. Sai dai giɓin ya ragu: tun 2022 aka saka riga-kafin gudawa na Rota cikin jerin na kyauta.

Me ya kamata a duba kafin a biya?

Firji. Yawancin alluran suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ƙaramin asibitin da ke kashe janareta da dare na iya lalata su. Ki nemi ganin tambarin da ke jikin kwalbar: idan murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar da ke kewaye da shi, kada a yi wa ɗanki. A kuma rubuta kowace allura a katinsa, domin duk asibitin da kika koma a ɗora daga inda aka tsaya.