Jin Daɗi da Wahala a Falsafar Epikurus

Epikurus, wanda Larabawa ke kira Abiƙur, masanin falsafa ne na tsohuwar Girka. An haife shi a tsibirin Samos a shekara ta 341 kafin Miladiyya, ya rasu a birnin Atina a shekara ta 270. An fi saninsa da cewa jin daɗi shi ne maƙasudin rayuwa, maganar da ta jawo masa zagi tun yana raye, har aka riƙa laƙaba masa ci da sha da sheƙe aya. Amma wanda ya duba abin da ya saura na rubutunsa zai ga babban kaso na koyarwar a kan wahala yake: wadda ake gudu, da wadda ake zaɓa da gangan, da wadda babu makawa sai an jure.

Bayan ya koyar a garuruwan Mitilini da Lamsakus, ya koma Atina wajen shekara ta 306, ya sayi gida mai lambu, har makarantarsa ta ci sunan Lambu. Mata da bayi suna zaman karatu a wurin, abin da ba a saba gani ba a zamanin. Gurasa da ruwa su ne yawancin cimarsa. A wata wasiƙa ya roƙi abokinsa ya aiko masa da 'yar tukunyar cuku, domin ranar da ya ga damar yin shagali.

Auna daɗi da wahala

Kafin shi akwai Aristibus na Kirene, a Libiya ta yau, wanda mabiyansa suka fifita daɗin jiki na nan take. Epikurus ya saɓa musu. A wurinsa ƙololuwar daɗi ita ce jiki ya rabu da ciwo, zuciya kuma ta rabu da fargaba. Wanda ba ya jin yunwa ko ƙishirwa ko sanyi, hankalinsa kuma a kwance yake, ya kai iyaka. Abin da zai ƙara bayan haka sauyin ɗanɗano ne kawai.

Ya kasa sha'awa gida uku. Akwai ta ɗabi'a wadda take dole, kamar abinci da matsuguni da abota. Akwai ta ɗabi'a wadda ba dole ba, kamar abinci mai tsada. Ta ukun ba ta da tushe a ɗabi'a, kamar neman mulki da suna, ita ce kuma mafi haɗari domin ba ta ƙoshi.

A wasiƙarsa ga almajirinsa Menoikiyus ya bayyana cewa ba kowane daɗi ake kamawa ba, ba kuma kowace wahala ake gudu ba. Daɗin da zai haifar da ciwon da ya fi shi, a bar shi. Wahalar da jure ta zai kai ga kwanciyar hankali mai ɗorewa, a rungume ta. Haƙuri a nan sakamakon lissafi ne da mai hankali yake yi kafin ya miƙa hannu.

Wahalar da ba a zaɓa ba

Mabiyansa sun taƙaita koyarwar a jimloli huɗu da suka kira magani huɗu: kada a ji tsoron alloli, kada a damu da mutuwa, alheri mai sauƙin samu ne, tsanani kuma mai yiwuwar jurewa ne. An samo su cikin rubutun Filodemus, wani mabiyin koyarwarsa, a takardun da aman wutar dutsen Besubiyus ya binne a garin Harkulaniyum, a Italiya ta yau, a shekara ta 79 Miladiyya. Biyun farko sun dogara da ra'ayinsa cewa alloli ba sa shiga harkar mutane, rai kuma yana watsewa da mutuwa, ra'ayin da ya sa ma'abota addinai suka ƙi shi daga baya.

Ta huɗun ce mafi rauni. Hujjarsa ita ce ciwo mai tsanani ba ya daɗewa, mai daɗewa kuma ba ya tsanani. Sisero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum, ya soki wannan da ƙarfi, kuma gaskiya tana wajensa: duk wanda ya yi jinyar mai doguwar cuta ya san ciwo yana iya haɗa tsanani da daɗewa.

Sai dai Epikurus ya gwada maganarsa a jikinsa. An ruwaito cewa tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari, ya yi kwana 14 cikin azaba. A ranarsa ta ƙarshe ya rubuta wa abokinsa Idomeniyus, bai ɓoye cewa ciwon ya kai matuƙa ba, amma ya ce yana tunkararsa da farin cikin tuna hirarrakin da suka yi, sannan ya ba shi amanar 'ya'yan abokinsa Metrodorus. Abin da ya riƙe shi a ranar abota ce da tunawa, waɗanda suka fi waccan hujja ƙarfi nesa ba kusa ba.

Saɓani da 'yan Sitowa

Makarantar falsafa da Zeno na Kitiyum ya kafa a Atina wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, wadda ake kira Sitowa, ta ɗauki wata hanya. A wurinsu nagarta kaɗai ce alheri, daɗi da ciwo kuwa ba sa ƙara wa mutum daraja ko rage ta. Duk da gabar da ke tsakani, Seneka, marubucin Rum wanda ɗan Sitowa ne, ya cika wasiƙunsa na farko ga Lusiliyus da maganganun Epikurus, yana mai cewa magana mai kyau mallakar kowa ce.

Koyarwar Lambu ta rayu ɗaruruwan shekaru. A ƙarni na 2 Miladiyya wani dattijo mai suna Diyojinis ya sa aka sassaƙa ta a jikin doguwar katangar dutse a garin Oinoanda, kudu maso yammacin Turkiyya ta yau, domin mazauna da baƙi su karanta, kuma har yanzu masu binciken kayan tarihi suna tono gutsattsarinta.