Fim ɗin Funmilayo Ransome-Kuti: wai al'ada matan Abeokuta suka yaƙa?

Wane fim ne wannan?

Fim ne na tarihi da Bolanle Austen-Peters ta bada umarni, ya shiga sinima a 2024. Kehinde Bankole ce ta fito a Funmilayo lokacin da take da ƙarfinta, Joke Silva kuma ta fito bayan ta tsufa. Da Turanci da Yarbanci ake magana a ciki.

To ita Funmilayon wacece?

Mutane da yawa da "maman Fela" kawai suka santa, kuma gaskiya abin na min ciwo, don tun ɗanta mawaƙi Fela Kuti yana ɗan yaro sunanta ya zagaye ƙasa. An haife ta a Abeokuta a 1900, ita ce mace ta farko da ta shiga Abeokuta Grammar School, ta je Ingila karatu ta dawo ta zama malamar makaranta. Ƙungiyarta da farko ta matan da suka yi boko ce, sai ta fara koya wa matan kasuwa karatu, a nan ne ta ji irin wahalar da suke sha, a 1946 ƙungiyar ta koma Abeokuta Women's Union.

Me ya haɗa su da sarki?

Haraji. Tun 1918 aka ɗora wa matan Egba, wato Yarabawan Abeokuta, haraji nasu daban da na mazansu, ga kuɗin kasuwa, ga masu karɓa da cin mutunci, lokacin yaƙin duniya na biyu kuma har shinkafar 'yan kasuwa ake ƙwacewa, kuma duk da haka babu mace ko ɗaya a majalisar da ke yanke yadda za a kashe kuɗin. A ƙarshen 1947 dubban mata suka yi dafifi a ƙofar fadar sarkin Egba, Alake Ademola II, suka kwana a nan suna waƙoƙin zambo. A Janairun 1949 ya sauka daga karaga, aka soke harajin matan, aka ba mata huɗu kujera a majalisa. Ya dai dawo sarautar daga baya.

Kenan al'adarsu suka yi wa tawaye?

Nan ne nake ganin ake kuskure. Kafin zuwan Turawa matan Egba suna da sarautunsu, akwai Iyalode mai magana da yawun mata, akwai Erelu a cikin Ogboni, wato ƙungiyar manyan gari masu faɗa a ji, kasuwa kuma a hannunsu take. Turawa ne suka tattara iko duka suka danƙa wa sarki shi kaɗai, sarautun matan suka zama suna kawai. To abin da suka fito nema ai nasu ne tun asali, ƙwace musu aka yi. Ita kanta Funmilayo ta ajiye kayan Turawa ta koma ɗaura zani, ta riƙa jawabi da Yarbanci har a gaban jami'an mulkin mallaka.

Amma fa ba zan ɓoye ba, akwai inda suka taka al'adar da gangan. Oro wani dodon tsafin gargajiya ne na maza zalla da aka haramta wa mace ta gani, idan ya fito mata kulle suke shiga, su kuwa a waƙoƙinsu har Oron suka ƙalubalanta.

Akwai abin da ya haɗa ta da Arewa?

Akwai. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta je har Abeokuta ta same ta, kuma Funmilayo ta yi ta magana kan a ba matan Arewa damar kaɗa ƙuri'a.

Ya ƙarshenta ya kasance?

A Fabrairun 1977 sojoji suka afka gidan Fela na Kalakuta a Legas, suka jefo ta ta taga daga saman bene, tsohuwa mai shekara 76. Ba ta warke ba, ta rasu a Afrilun 1978.